Idan garin motsa jiki ya kwantar da kai: yadda ake bin haƙƙi daga gadon asibiti zuwa gaban alƙali

A wuraren ɗaga ƙarfe na Kano, Kaduna, Jos da Abuja, da wuya yanzu ka buɗe jakar saurayi ba ka ga robar gari ba: na sha kafin a fara atisaye, na ƙona kitse, na kumbura damtse. Mai sayarwa ya ce maka "ai na waje ne", hankalinka ya kwanta. Bai kamata ya kwanta ba. A Amurka, inda da yawa daga cikin waɗannan kaya ke fitowa, wata doka ta 1994 ta ajiye su a sahun abinci, ba a sahun magani ba. Kamfani ba ya jiran FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, ta gwada kayansa ta amince kafin ya kai kasuwa. Sai an sha, an jikkata, sannan hukuma ta biyo sawu.

Abin da take tararwa kuwa ba kaɗan ba ne. Wani nazari da aka buga a 2018 ya bi bayanan FDA na 2007 zuwa 2016, ya ƙirga kaya 776 da aka kama da magungunan da ba a rubuta a jikinsu ba: na ƙarfin maza da sildenafil a ciki, na rage ƙiba da sibutramine, wanda aka janye daga kasuwa a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, na gina tsoka kuma da sitiroyid. Tun kafin nan wani ɗakin gwaji a birnin Kolon na Jamus ya sayi kaya 634 daga ƙasashe 13, ya samu 94 ɗauke da sinadaran sitiroyid da babu sunansu a jikin roba.

Labarin kamfanin USPlabs na birnin Dallas, mai kayan Jack3d da OxyElite Pro, ya isa misali. An riƙa nuna wa mutane cewa sinadarin DMAA da ke cikin kayan daga tsiron jeraniyum aka tatso shi, alhali a masana'antun China ake haɗa shi. Aikinsa matse jijiyoyi da tayar da hawan jini. A ƙarshen 2011 ma'aikatar tsaron Amurka ta kwashe shi daga shagunan barikoki bayan mutuwar wasu sojoji. A 2012 wata mata mai shekara 30 ta yanke jiki ta faɗi dab da ƙarshen gudun fanfalaki na Landan, mai binciken musabbabin mutuwa ya ce da hannun DMAA a ciki. Da aka matsa wa kamfanin, sai ya sauya haɗin OxyElite Pro da wani sinadari mai suna aegeline, a 2013 kuma likitocin Hawaii suka fara ganin mutane lafiyayyu da hantarsu ta lalace farat ɗaya. Zuwa farkon 2014 an ƙirga mutum 97, an kwantar da 47, an yi wa aƙalla 3 dashen hanta, mutum ɗaya ya rasu. An gurfanar da shugabannin kamfanin a 2015, a 2020 aka yanke wa babbansu ɗaurin wata 60. A wannan tsakanin ne aka gano wani garin, Craze, yana ɗauke da ɗan'uwan muguwar ƙwayar nan methamphetamine, jikinsa kuwa an rubuta tsiron okid. Najeriya ma ta ɗanɗana: DMAA ɗin nan aka samu a fitsarin Oludamola Osayomi a gasar ƙasashen renon Ingila ta 2010 a Delhi, aka karɓe zinaren tseren mita 100 daga hannunta.

To, idan kai ne abin ya faɗa wa, ko ɗanka, ko ƙanwarka da ta sayi shayin rage tumbi, shari'arku tamkar tukunya ce a kan murhu, duwatsu uku ke riƙe da ita: a nuna akwai mugun abu a cikin robar, a nuna shi ne ya yi ɓarnar, a nuna wane ne ya kawo robar hannunka. Ɗaya ya goce, komai ya kife. Kuma biyu daga cikin ukun a makon farko ake samunsu ko a rasa su, tun kafin a yi zancen lauya.

Asibiti tukuna, kuma da robar a hannu

Idanu sun yi rawaya, fitsari ya yi duhu, ƙaiƙayi ya hana barci, ga amai da kasala: hanta ce ke kuka. Zuciya na dukan uku-uku, ƙirji ya riƙe, kai na sarawa, hannu ko ƙafa ta saki: wannan na jijiyoyin jini ne, ba a kwana da shi a gida. Ciwon tsoka mai tsanani tare da baƙin fitsari bayan atisaye alama ce ta narkewar tsoka, wadda ke iya toshe ƙoda. A daina shan garin nan take.

A nan mutanenmu kan yi kuskure biyu. Na farko, a ce shawara ce, a kawo jiƙo. Hantar da ta galabaita ba ta buƙatar ƙarin aiki, kuma ranar shari'a lauyan mai kaya zai tambaye ka abin da ke cikin jiƙon, ba ka da amsa. Na biyu, kunya. Saurayi ya zauna gaban likita, mahaifinsa na tsaye a kansa, a tambaye shi ko yana shan wani abu ya ce a'a. Wannan a'a ɗin za ta shiga fayil, bayan shekara uku a karanto masa ita a kotu. Ka nemi a ba ka wuri kai da likita idan ya kama, amma ka faɗi komai. Ka ajiye robar a kan teburinsa ka ce: "Likita, don Allah a rubuta a fayil ina shan wannan, ga sunansa, na fara ranar kaza, cokali biyu kullum."

Ka roƙi a ɗebi jini da fitsari tun ranar farko, a adana wani kaso idan asibitin na da hali, domin sinadarai masu zaburar da jiki irin DMAA cikin 'yan kwanaki suke fita. Ban da gwajin aikin hanta da ƙoda da awon zuciya, ka tabbata an yi na ƙwayoyin cutar hanta, A da B da C, da E idan ana yi. Cutar hanta ta B ta yawaita a arewa, ita ce mafakar farko da ɗaya ɓangaren zai nufa. Takardar da ta nuna ba ka da ita tun ranar da aka kwantar da kai ta fi dogon jawabin lauya amfani. Ko da gwajin ya nuna kana da ita ba a rufe maka ƙofa ba, sai dai aikin likitan da zai ba da shaida ya ƙaru.

Kada kuma ka sake sha don ka tabbatar shi ne. Mutane na yi, kuma karo na biyu ya fi na farko muni.

Robar nan ita ce babbar shaidarka

Uwa ta fusata ta watsar da sauran garin a kwata. Ko mai shago ya kira da murya mai taushi: "Subhanallahi, Allah Ya ba shi lafiya. A kawo min robar in mayar wa kamfani, ga kuɗinku." Ko da zuciya ɗaya ya faɗa, ranar da robar ta bar hannunku ranar shari'ar ta mutu.

Ka ɗauki hotonta ta kowane ɓangare, har ƙasanta, inda ake buga lambar rukunin kaya da ranar lalacewa. Ka duba ko akwai lambar NAFDAC da sunan wanda ya shigo da ita ƙasa. Ka rufe ta da cokalinta a ciki, ka sa a sabuwar leda, ka naɗe da salatif, ka sa hannu da kwanan wata a kan salatif ɗin, wani babba da ba ɗan gidanku ba shi ma ya sa. A ajiye inda babu zafi babu danshi, kada a sake buɗewa.

Sai abin da kusan kowa ke mantawa: tun labari bai bazu ba, a tura wani ya sayo wata robar da ba a ɓalle murfinta ba, a shago ɗaya, mai lambar rukuni ɗaya, da rasit. Dalili shi ne robar da ka buɗe ka yi wata kana ɗiba, za a ce kai ka zuba abin, ko abokinka a wurin atisaye. Kotunan Najeriya sun daɗe da sanin wannan gardama a ƙararrakin lemon kwalba da giya, inda kamfani kan kawo injiniya ya bayyana tsaftar masana'antarsa, mai ƙara kuma ya kasa nuna cewa daga can ƙazantar ta fito. A shari'ar Okwejiminor, mutumin da ya tarar da mataccen kyankyaso a kwalbar Fanta a 1991, sai a 2008 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da nasara. Robar da ke a rufe, aka buɗe ta gaban shaidu aka samu abin a ciki, ita ke kashe bakin wannan gardama.

Idan kuwa garin na awo ne, wato koci ya fasa babbar roba yana ƙulla wa yara a leda ko yana sayar da cokali-cokali, hanyar kai wa ga kamfanin asali ta toshe. Wanda ya fasa ya ƙulla, shi ne abokin shari'arka.

Takardun ciniki

Rasit idan akwai. Idan babu, alat na banki, takardar POS (a yi mata hoto yau, rubutunta gogewa yake), hirar WhatsApp ko Instagram, saƙon murya inda mai kaya ke cewa "ba shi da wata illa, duk ganye ne", takardar tashar mota idan aiko shi aka yi. Tallan da ya ja ka ka saya shi ma shaida ne, kuma shi ake fara gogewa, don haka a ɗauki hotonsa da sunan shafin a jiki. Kada ka sayar da wayar ko ka goge ta: sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman bayani a kan na'urar da aka ciro shaida daga cikinta, lauyanka zai buƙace ta. Ka kuma buɗe littafi ɗaya na kashe kuɗi, kowane magani, gwaji, kuɗin gado, kuɗin mota, da ranakun da ba ka je aiki ko kasuwa ba.

Gwajin garin

Wannan ba aikin ɗakin gwajin bakin asibiti ba ne, inda ake duba maleriya da taifot. Ana buƙatar na'urorin da ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya su auna nauyinsu, irin waɗanda masana ke kira LC-MS da GC-MS. A Najeriya akwai masu nazarin abinci da magani da ke da rajista da cibiyar IPAN, wasu jami'o'i ma na da irin waɗannan na'urori. Sakamakon da ƙwararre mai rajista ya sa wa hannu, kuma zai iya zuwa ya kare shi a kotu, shi ake nema.

Na'ura abin da aka ce ta nema take nema. Ka ce "a duba min ko akwai guba" ka yi asarar kuɗinka. Likita ne zai nuna hanya: rawayar ido da ƙaiƙayi mai naci bayan wata ɗaya zuwa huɗu da fara garin gina tsoka, a nemi sitiroyid, hawan jini da bugawar zuciya, a nemi DMAA da danginsa, da sibutramine, a kuma auna yawan kafeyin, kumburin fuska da hauhawar suga bayan maganin ƙara ƙiba, a nemi dexamethasone. Rahoton ya faɗi adadin da ke cikin kowane cokali, ba "an samu" kawai ba, domin burbushi daban, abin da aka zuba da gangan daban.

A raba samfurin kashi uku gaban shaida: ɗaya na gwaji, ɗaya a ajiye wa ɗaya ɓangaren idan suka ce sai sun gwada da kansu, ɗaya ya zauna a rufe. Duk wanda samfurin ya bi ta hannunsa a rubuta sunansa da rana da sa hannu. Gwajin na da tsada, shi ya sa ya fi kyau a ga lauya kafin a yi, kada a biya sau biyu.

Inda yawancin ƙararraki ke faɗuwa

An samu sitiroyid a roba, kai kuma hantarka ta lalace. A wurin mai hankali magana ta ƙare. A wurin kotu yanzu aka fara, domin sai an ɗaure wannan da wancan da bakin likita.

Likitocin hanta suna da ma'aunin da suke bi, ana kiransa RUCAM, kuma tambayoyinsa su ne dai tambayoyin da za a yi a kotu. Yaushe aka fara sha, yaushe ciwo ya bayyana, tazarar ta dace da abin da aka sani game da sinadarin? Da aka daina, alƙaluman gwajin jini sun sauka? An kore sauran dalilai, wato ƙwayoyin cuta, barasa, tsakuwar matsarmama, wasu magunguna? An taɓa rubuta irin wannan illa game da wannan sinadari? Saboda tambaya ta biyu ne ya wajaba ka ci gaba da zuwa gwaji bayan an sallame ka, ko da ka ji sauƙi. Jerin sakamakon da ke nuna hanta na farfaɗowa mako bayan mako tun da aka ajiye garin shaida ce da ba ta da bakin musu.

Rahoton ya fito daga babban likita na fannin, irin waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika, kuma a tambaye shi tun farko ko zai yarda ya tsaya a kotu. Takardar da ta ce "mai yiwuwa" ba ta kai ba. A shari'ar diyya ana neman a nuna cewa abin da kake faɗa ya fi rinjaye a kan akasinsa, don haka likita ya iya cewa, bisa iliminsa, garin ne mafi kusa da zama sanadi, ya kuma faɗi dalilin da ya sa ya kore sauran.

A nan ne gaskiyarka ke da tsada. Masu ɗaga ƙarfe ba safai suke shan abu ɗaya ba: ga furotin, ga na kafin atisaye, ga lemon ƙarin kuzari, wani da allura a ɓoye, wani da tiramadol, wani da farasitamol kamar gyaɗa saboda ciwon jiki. Ka zayyana wa lauyanka duka. Abin da ya sani zai shirya masa. Abin da ya fara ji daga bakin lauyan ɗaya ɓangaren shi ke rusa mai ƙara. Haka batun wuce ƙa'ida: idan an rubuta cokali ɗaya kana shan uku, za a ce da sakacinka, kotu na iya rage diyyar. Amma ragewa ce, ba korewa ba, domin ba wanda ya yarda da haɗarin abin da aka ɓoye masa.

Ka kuma yi tambaya a wurin atisayenku. Abin Hawaii ya fito fili ne saboda likitoci sun lura marasa lafiya da yawa suna ambaton suna ɗaya. Mutum uku da suka sha roba mai lamba ɗaya suka kwanta da ciwo iri ɗaya sun fi ƙarfin a ce musu tsautsayi ne.

Kai ƙorafi ga hukuma

NAFDAC na karɓar rahoton illar magani ta ofisoshinta na jihohi da manhajar Med Safety, likita ko mai haɗa magunguna ma na iya cike fom a madadinka. Doka ta hana shigowa da irin waɗannan kaya ko tallata su ko sayar da su ba tare da rajista ba, don haka ka nemi hukumar ta tabbatar maka a rubuce ko lambar da ke jikin robar ta gaske ce, kuma ta wannan kayan ce. Ana buga lambar bogi, ana kuma aron lambar wani kaya. Sai FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, wadda ke iya kiran mai kaya ta zaunar da ku. Wasu jihohi, kamar Kano, suna da tasu hukumar.

Ka rubuta ƙorafin, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Idan sun nemi samfur, ka ba da kaso, a ba ka takarda, kada ka miƙa duka. Ka kuma san iyakar abin: hukuma na kwashe kaya, ta rufe shago, ta ci tara, amma kuɗin dashen ƙoda ba daga nan zai fito ba. Amfaninta gare ka shi ne takardar da za ta ce kayan ba su da rajista ko an same su da algus.

Wa za a kai ƙara?

Zuciya za ta ce kamfanin da ya haɗa. Lissafi kuma ya ce wanda hannunka zai kai gare shi. Kamfanin da ke Texas ko wani lardin China sai an nemi izinin kotu kafin a aika masa sammaci, in an yi nasara kuma sai an bi hukuncin zuwa ƙasarsa. Sau da yawa ma zai ce robar jabu ce, ba tasa ba, kuma yana iya zama da gaskiya.

Tsohuwar hanya ita ce ƙarar sakaci, wadda ta samo asali daga shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932 a Birtaniya, kan dodon koɗi a kwalbar lemo: mai haɗa kaya na da alhakin kula da wanda zai sha, ko ba su taɓa haɗuwa ba. A 1985, a shari'ar Ngonadi kan firjin kananzir da ya fashe, Kotun Ƙolin Najeriya ta ɗora alhaki a kan kamfanin da ya sayar, ko da yake ba shi ya ƙera ba. Dokar kare masu saye ta 2018 ta ƙara faɗaɗa ƙofar. Sashe na 136 ya ce wanda ya samar da kaya mai aibi shi ke da alhakin ɓarnar da ya jawo, har da rauni a jiki, ko da wanda ya jikkata ba a hannunsa ya saya ba, kuma ba a kauce wa wannan da wani rubutu a rasit. Sashe na 145 kuma ya ɗora nauyin kawo hujja a kan mai kaya idan aka yi zargin kayansa na da aibi. Wannan sassauci ne babba, amma kada ka dogara da shi ka je kotu hannu rabbana. Alaƙar garin da ciwonka har yanzu kai za ka nuna ta.

Saboda haka lauya zai jero duk wanda ke cikin sarƙar: mai shigowa da kaya, dila, shago ko kemis, gidan motsa jikin da ke sayarwa a kanta, kocin da ke karɓar kamasho. A bincika sunan kowanne a rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, domin sunan da ke kan allo sau da yawa ba shi ne sunan da doka ta sani ba, kuma ƙarar da aka shigar da sunan da babu shi korarta ake yi.

Sai tambayar da ba a son yi: wanda za a kama yana da abin biya? A 2019 wata kotu a New Jersey ta yanke wa ɗan damben nan Yoel Romero diyyar dala miliyan 27.45 a kan kamfanin da garinsa ya sa aka dakatar da shi daga wasa. Kamfanin ko kotun bai halarta ba, daga baya kuma aka rage adadin bayan ɗaukaka ƙara. Adadin da alƙali ya rubuta daban, abin da ya shiga aljihu daban. Yaron da ke sayar da roba goma a Instagram daga ɗakinsa, ko an yi nasara a kansa, wayarsa kawai za a samu. Mai shigowa da kwantena shi ke da sito da asusun banki, wani lokaci har da inshora.

Lokaci, lauya da lissafin diyya

Kowace jiha da wa'adinta na shigar da ƙara, idan ya wuce kuwa ko gaskiyarka ta kai hasken rana ba za a saurare ka ba. A Legas shekara 3 ne ga raunin jiki. A tambayi lauya na jiharku tun zaman farko. Jiran sakamakon hukuma ko zaman sulhu ba ya tsayar da wannan agogo.

Ka nemi lauyan da ya taɓa yin shari'ar rauni ko ta masu saye, ba wanda ya rubuta muku takardar fili ba don kawai an saba. Ƙa'idojin aikin lauya sun yarda a yi yarjejeniyar biyansa daga abin da aka samu. A rubuta kason, a kuma rubuta wa zai biya kuɗin gwaji da na likita idan aka faɗi. Marar hali ya gwada ofishin Legal Aid Council, hukumar da ke samar wa marasa hali lauya. Yawanci lauya zai fara da wasiƙar neman diyya mai wa'adi, in ba a amsa ba ya shigar da ƙara a Babbar Kotun jiha.

Diyya iri biyu ce. Akwai wadda ake ƙirgawa, kuɗin asibiti da abin da aka rasa na albashi ko ciniki. Wannan sai an jero ta ɗaya bayan ɗaya an kawo takardarta, abin da babu rasit ɗinsa ya tafi. Akwai kuma wadda alƙali ke ƙiyastawa: azabar da aka sha, lafiyar da ba za ta dawo ba, jinyar da ke gaba. Idan rai aka rasa, magada ne ke da ƙara, kuma a nan rashin binciken gawa kan zama cikas, tun da a al'adarmu ba a jinkirta jana'iza. Abin da zai maye gurbinsa shi ne jinin da aka ɗiba kafin rasuwa da fayil ɗin asibiti, a nemi a adana su tun ranar.

Ga 'yan'uwa mazauna waje: a Amurka wa'adin raunin jiki shekara 3 ne a New York, 2 a Texas da California, lauyoyi kuma kan karɓi kusan kashi ɗaya bisa uku na abin da aka samu. Dokar can ta 2006 ta tilasta wa kamfani sanar da FDA duk mummunar illar da aka kawo masa rahoto cikin kwanakin aiki 15, kuma a shari'a ana iya tilasta masa fito da ƙorafe-ƙorafen da ya karɓa. A yi hattara da ƙarar taron dangi, wato wadda ake shigarwa a madadin masu saye da yawa, da ake aiko wa mutane takardarta: galibi kuɗin saye take mayarwa, wanda ya yi jinya ya nuna wa lauyansa kafin ya sa hannu. A Ingila wa'adin shekara 3 ne, kuma dokar 1987 ta ɗora alhaki a kan mai haɗawa ko mai shigowa da kaya ba sai an nuna sakacinsa ba.

Idan aka zo sulhu

Za a zo. Mai shago zai turo dattawan unguwa, ko shugaban 'yan kasuwa, a ce ƙaddara ce, a bar wa Allah, ga kuɗin magani. Sulhu alheri ne, kuma ganin yadda shari'a ke cin shekaru, sau da yawa shi ne mafita ta hankali. Kano ma na da gidan sulhu a ƙarƙashin Babbar Kotu, inda ake mayar da yarjejeniya hukunci. Amma yarda da ƙaddara ba ta hana bin haƙƙi, kuma hadisin da ya yi tir da mai algus a kan ciniki ya zo. Wanda ya yafe bayan ya san girman abin da aka yi masa ya yi falala. Wanda aka sa ya yafe yana kan gado, bai san ko ƙodarsa za ta tashi ba, an dai yi masa wayo.

Don haka kada a sa hannu a komai sai likita ya faɗi inda ciwon ya dosa, domin takardar sulhu kan ƙunshi layin da ke cewa ka sauke duk wani haƙƙi na yanzu da na gaba. Idan suka kawo kuɗin asibiti tun da wuri, a karɓa, a rubuta cewa wani ɓangare ne, ba rufe magana ba. Yarjejeniyar ƙarshe ta faɗi adadi, da ranakun biya, da abin da zai biyo baya idan aka saɓa, da makomar sauran robobin da ke kan kanta. Samfurinka kuma ya ci gaba da zama a hannun lauya har sai kason ƙarshe ya shiga asusu.